Daga ƙurar hunturu zuwa ruwan damina: Asibitocinmu sun shirya kuwa?

A Kekun Waje da ke Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, kamar sauran garuruwan yankin Gusau da Tsafe, kowace uwa ta san lokacin kowane ciwo ko da ba ta taɓa shiga aji ba. Hunturu na zuwa da tari da mura. Da bazara ta kankama sai fargabar sanƙarau da ƙyanda. Damina kuwa ta zazzaɓin cizon sauro ce da amai da gudawa. To amma lissafin ya fara rikicewa: zafi na ƙaruwa, ruwa kan yi jinkiri, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Shi ya sa ake ta maganar gina tsarin lafiya mai jure sauyin yanayi, wato asibitin da ya san abin da ke tafe, kuma ba ya durƙushewa a ranar da aka fi buƙatarsa.

Ku tambayi iyayenku labarin 2017. Sanƙarau ya ɓulla a Zamfara a ƙarshen 2016, ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Sama da mutum 14,000 aka yi zaton sun kamu a faɗin ƙasa, fiye da 1,100 suka rasu, kuma yara 'yan makaranta ne cutar ta fi kamawa. Allurar da aka yi wa jama'a a baya ta nau'in A ce, shi kuwa wanda ya ɓarke nau'in C ne, ga allurarsa ta yi ƙaranci. Busasshiyar iska da ƙura na ƙeƙasar da hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar cutar ta sami ƙofa, musamman a ɗakin da aka cunkushe ba taga. 'Yan makarantun kwana, wannan taku ce. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da Men5CV, allurar da ke kare mutum daga nau'i biyar a lokaci guda.

Sai dai allura ba ta da amfani in ta lalace kafin ta kai ga hannun yaro. Yawancin alluran rigakafi na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, alhali a watan Afrilu zafin Gusau kan haura 40. Idan aka ɗauke wuta, firji ya zama akwati kawai. Firji mai aiki da hasken rana ya fi dacewa da ƙauye: akwai irin da ke daskarar da ruwa da rana, ƙanƙarar ta riƙe sanyin har gari ya waye, ba tare da batir ba. A ganina wannan ya fi wani dogon gini mai fenti daraja. In kun raka ƙaninku rigakafi, ku nemi a nuna muku tambarin da ke jikin kwalbar: ɗan murabba'i ne a cikin da'ira, yana yin duhu gwargwadon zafin da ta sha. Da zarar ya kai da'irar duhu, an daina amfani da ita.

Da damina kuma, ma'aikata na bin gida-gida duk wata suna ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. An tsara rabon bisa watannin ruwa. Idan damina ta zarce, sauro ba ya duba jadawali. Nan ne hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara ya kamata ya isa hannun jami'in asibitin mazaɓa, ba manoma kaɗai ba.

Manyan asibitoci ma ba su tsira ba. A watan Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata na'urori, daidai lokacin da garin ke neman magani ruwa a jallo.

Tun a taron COP26 na Glasgow a 2021 Najeriya ta yi alƙawarin gina irin wannan tsari. A Tsafe da Bunguɗu akwai ƙarin cikas da takardar alƙawari ba za ta warware ba: rashin tsaro. Ma'aikacin da ke tsoron hanya ba zai kai allura ƙauye ba, komai sanyin firjinsa.