Tsofaffi Na Ba Da Labarin Rayuwarsu Don Kada Harshen Pesh Ya Mutu

A gabashin ƙasar Honduras, can Amurka ta Tsakiya, akwai wata ƙaramar kabila mai suna Pesh. Ma'anar sunan a harshensu ita ce "mutane". Baƙi ne suka laƙaba musu sunan Paya, su kuwa ba su son sa. Galibinsu suna zaune ne a lardin Olancho, wajajen Dulce Nombre de Culmi da ƙauyen El Carbon, wasu kuma a Las Marias a bakin kogin Platano.

Ƙidayar 2013 ta nuna yawansu ya kai kamar mutum dubu shida, amma masu jin harshen sosai ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma akasarinsu tsofaffi ne. Yara sun koma Sifaniyanci, domin shi ne harshen makaranta da kasuwa da neman aiki.

Masana sun daɗe da sa ido a kan wannan harshe, wanda shi ne na can arewa a cikin dangin harsunan Chibcha. Eduard Conzemius ya rubuta kalmominsa a wajen 1927, Dennis Holt kuma ya buga taƙaitaccen nahawunsa a 1999. Sai dai jerin kalmomi ba ya nuna yadda mutane ke hira. Shi ya sa wata masaniyar harsuna daga Faransa, Claudine Chamoreau, ta bi ƙauyuka tana ɗaukar muryoyin masu harshen suna ba da labari da bakinsu.

Hikimar abin ita ce, in tsohuwa ta kama labarin ƙuruciyarta, ba nahawu take tunani ba. Sai kalmomin da ba wanda zai tuna ya tambaya su fito da kansu: yadda ake gurza rogo a naɗe shi a ganye a yi abincinsu sasal, da yadda ake tsaga itace a tatsi ƙaro a kai kasuwa, da sunayen kifaye da magunguna. Har ila yau faifan yana riƙe hawa da saukar murya, domin Pesh, kamar Hausa, yana rarrabe ma'ana da karin sauti.

Labaran nan kuma shaida ne. Tun a shekarun 1860 wani limamin Kirista, Manuel de Jesus Subirana, ya samo musu takardun mallakar ƙasa, amma masu saran katako da masu kiwon shanu ba su daina kutsawa ba. Tsohon da ya ambaci inda kakansa ya yi noma, ya faɗi iyakar ƙasarsu ke nan.

Bayan an ɗauki murya, sai a zauna da masu harshen a rubuta ta kalma-kalma, a fassara, a adana a taskar harsuna masu shirin ɓacewa, watau ELAR, wadda ta tashi daga Landan ta koma Berlin a 2021. Amma fa taska ba ta goyon yaro. Sai iyaye sun yi wa 'ya'yansu magana da Pesh a gida kafin a ce harshen ya tsira.