Kyanwarmu Ta Yi Laushi Bayan Allura: Me Za Mu Yi?

A Anka da Gummi da Bukkuyum, kyanwa ita ce mai tsaron rumbunmu daga ɓeraye, kuma abokiyar wasan yaranmu. Amma kyanwa ma takan ɗauki ciwon haukan kare, ta sa wa yaro ta wurin cizo. Ciwon kuwa in ya bayyana a jikin mutum, sai mutuwa. Saboda haka ake yi mata allurar rigakafi tun tana wata 3.

Waɗansunmu sukan tsorata su ga ta yi laushi bayan allurar. Kada hankalinmu ya tashi. Takan yi ɗan zazzaɓi, ta ƙi abinci, wurin allurar ya ɗan kumbura. Jikinta ne yake koyon yaƙi da cutar. Mu ajiye mata ruwa a inuwa, mu hana yara damunta. Kwana ɗaya ko biyu za ta warware. Kada fa mu ba ta farasitamol, gama dafi ne ga kyanwa.

Amma in fuskarta ta kumbura, ko tana ta amai, ko tana numfashi da ƙyar, mu kai ta wurin likitan dabbobi nan da nan. Haka kuma in ƙullutun ya wuce wata 3, ko yana ƙara girma bayan wata guda, gama tun 1991 likitoci a Amurka suka gane wani lokaci yakan zama ciwon daji.

Allah ya danƙa dabbobin nan a hannunmu. Laushin kwana biyu bai kai ran yaro ba.