Ba ka da gona? Ga kejin karfasa a ruwan Bakolori

In kai ɗan Maradun ne, ko Mafara, ko Bakura, ba sai an yi maka kwatancen dam ɗin Bakolori ba. A 1978 aka kammala shi a kan Gulbin Sakkwato, ya haɗiye gonaki da ƙauyuka, har rikicin diyya ya ci rayukan manoma a 1980. Yau ga ruwan nan shimfiɗe, mu kuma matasa kullum kukanmu ba fili, ba jari. To, kiwon karfasa a keji ba ya neman fili ko taku ɗaya.

Haɗa kejin ba wuya. Ka ɗaure gora ko bututun roba kusurwa huɗu, gangunan roba su ɗaga shi, raga ta sauka cikin ruwa kamar jaka, buhunan yashi su riƙe shi kada iska ta yi gaba da shi. Kafinta da mai saƙar koma na garinku sun ishe ka. Ba haƙa rami, ba janareta, ba canjin ruwa.

Me ya sa karfasa, ba tarwaɗa ba? Ba ta da tsirfar ci: dusa, ƙuliƙuli da garin waken suya duk tana karɓa. Sannan keji yana maganin babban aibinta. A rami hayayyafa take ba ƙaƙƙautawa, sai ka wayi gari da kifi rututu, kowane bai wuce yatsa biyu ba. A keji kuwa ƙwan yakan zube ta ramukan raga kafin uwar ta kwashe shi a baki, sai abincin ya tafi ga girma. In ka samu 'ya'yan kifi maza zalla, ka more, don sun fi saurin girma. Wajen wata shida ka fara kwasa, amma sanyin hunturu yana rage musu ci.

Sai dai kada arhar kejin ta ruɗe ka. Abinci ne ke cin kuɗin, safe da yamma, ba fashi. Ragar ma sai ana wanke mata gansakuka. Da rani, in an saki ruwa ga masu noman shinkafa, dam yana ja baya, kejin da ya taɓa laka kuwa ka yi asara.

Ga maganar da ba a son faɗa: tsaro. Kifin keji a tare yake wuri guda, ɓarawo da kwalekwale ɗaya ya gama da kai a dare ɗaya, kuma ba kowace gaɓa ce ake iya kwana ba saboda 'yan bindiga. A ganina, ku haɗu ku biyar ko shida, ku kafa kusa da masunta, ku raba gadi.

Kafin ka sayi gora ko ɗaya, je ka gaida Sarkin Ruwa, sannan ka nemi izinin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don dam ɗin a hannunta yake.