Bahon Mai Faci

Akwai wani dattijo mai faci a unguwar Lamashegu, ba nisa da shataletale, wanda nake kai wa babur ɗina duk lokacin da taya ta sace. Kayan aikinsa ba su da yawa: famfo, gam, guntayen roba, sai bahon ruwa da ya yi baƙi ƙirin. Yaransa su ke hura tub su tsoma cikin ruwan, suna juyawa suna jiran kumfa. Shi kuwa kafin a kai ga baho, sai ya karɓi tub ɗin ya bi gefen tsohon faci da yatsa. Ya ce da ni: "Malam, inda aka taɓa ɗinkewa nan ake fara dubawa."

Maganar nan ce ta faɗo mini da na karanta yadda masu rubuta manhajar kwamfuta ke farautar ɓaraka, wato ƙofar da ɓarawon intanet zai iya kutsawa. Sun daɗe da nasu bahon. Sukan yi ta ɗura wa manhaja bayanai barkatai, miliyoyi, har sai ta shaƙe ta faɗi, a nan su gane akwai huji. Dabarar tana aiki, amma makauniya ce, ba ta san abin da aka rubuta ba.

A watan Nuwamba na 2024, kamfanin Google ya sanar cewa wata ƙirƙirarriyar basira mai suna Big Sleep, irin waɗannan da ke karanta rubutu su ba da amsa, ta gano ɓaraka a cikin SQLite. Sunan baƙo ne, amma abin yana aljihunka: rumbun adana bayanai ne da ke cikin kusan kowace wayar Android da iPhone, har da wadda mai waken bakin titi ke karɓar kuɗin MoMo da ita. Abin da ya burge ni shi ne hanyar da aka bi. An nuna mata wani gyara da aka yi a baya, aka ce ta duba ko akwai ɗan'uwansa da ya saura. Gefen tsohon faci ke nan. Ta samo, aka toshe a ranar da aka kai rahoto, kafin sigar ta fita ga jama'a. Da suka gwada tsohuwar dabarar ɗuren nan, awa 150 na aikin injin ba ta ci karo da hujin ba.

Sai dai bahon yana da wani darasi. Sabon yaro idan ya tsoma tub, iskar da ta maƙale a jikin roba ma kumfa take yi, sai ka ji ya yi ihu ya ga huji. Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai kula da manhajar curl, ya sha kokawa tun farkon 2024 kan rahotannin ɓaraka da mutane suka riƙa sa ƙirƙirarriyar basira ta rubuta suna turo masa don neman tukwici. Rubutu tsaf, cike da gadara, amma idan aka bincika babu komai. Shi da abokan aikinsa, waɗanda ba su da yawa, su ke ɓata awoyi suna tantancewa. Kuma kada a manta, yatsan da ke gano huji don a toshe, ɓarawo ma yana iya hayarsa.

Shi ya sa dattijon nan, duk da gwanintar yatsansa, ban taɓa ganin ya shafa gam ba sai ya mayar da tub cikin ruwa ya ga kumfar tana fita a jere daga wuri ɗaya. Ranar Talatar da ta wuce ma haka ya yi, ya soka tsinken ashana a hujin, ya miƙa wa yaro, ya juya ga mai keken yalo-yalo da ke ta danna masa oda.