Yadda Ake Tsufar Da Sabon Katako Da Gangan

A Amurka, katakon da aka ɓamɓaro daga tsohon rumbun gona, mai ramukan ƙusa da tsaguwa, yakan fi sabo tsada. Da ya yi wuya, sai kafintoci suka koma tsufar da sabo da hannunsu. Kafintan Wudil da zai kai wa uwar amarya gado mai irin wannan fuska, ranar sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Mu ƙyalli muke saye.

Launin tokar da suke nema aikin rana ne da ruwa. Hasken rana yana cinye sinadarin lignin da ke riƙe zaruruwan itace, ruwa ya wanke shi, fumfuna ta ƙara duhu. Duk mai son gani ya leƙa jikin kwale-kwalen masunta a bakin kogin Wudil, kyauta ne.

Mai gaggawa kuwa yakan jiƙa soson ƙarfe a ruwan khal na 'yan kwanaki, ya shafa wa katako. Ƙarfen da ya narke yana haɗuwa da sinadarin tanin na jikin itacen, kafin ka sha ruwa ya rine zuwa toka-toka ko baƙi. Idan itacen ba shi da tanin sosai, sai a fara shafa masa ruwan shayi mai kauri. Dukawanmu za su yi murmushi, domin wannan ai kuloko ne: ruwan da aka jiƙa ƙarfe a ciki ya yi tsami, a shafa wa fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take ta koma baƙa. Bagaruwar ce ke ba da tanin. Haɗin ɗaya ne kuma da tawadar da marubutan Turai suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da ita.

Har fitsari yana da rawar takawa. Ana cewa a bargar dawakai a Ingila aka lura ginshiƙan itacen ok suna yin duhu saboda tururin amoniya da ke tashi daga fitsarin dabbobi. A farkon shekarun 1900 Gustav Stickley ya yi suna a Amurka da kujerun da ya turara da amoniya. Da madacinmu da kiryarmu na karɓar wannan turare kamar ok, da karar shanu ta Wudil ta samu sana'a ta biyu ban da cinikin ranar Juma'a.

Japanawa babbake fuskar katako suke yi da wuta, su kankare, su sa a bangon gida. Baƙin akushi ma ba fenti ba ne, aikin wuta ne.

Akwai kuma duka. Ana zabga wa katako sarƙa, a sassare gefensa, a sossoke shi da tsinin ƙusa don ya yi kama da cin ƙwaro. Sai dai ramin ƙusa miƙewa yake yi sambal, na ƙwaro kuwa lanƙwasa yake yi a cikin itacen, kuma da nan masana ke kama mai algus.

Gwanayen wannan fanni ba nesa suke ba. Christopher Steiner, wanda ya zauna da dillalan kayan sassaƙa a Abijan, da yawansu Hausawa, ya bayyana a littafinsa na 1994 yadda ake mayar da sabon sassaƙe tsoho don masu saye daga Turai da Amurka. A rataye shi a hayaƙin murhu, a goga masa dauɗa da maiƙo, ko a binne shi a ƙasa gara ta ɗan taɓa shi. Wahalar tana wajen sanin ranar tonowa, don gara ba ta san an yi ciniki ba. In aka makara, sai a tarar da gari.