Me Ya Sa Makaɗi Ke Zuwa Da Kalangu Biyu?

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan biki ya lura da kyau, zai ga makaɗa sun zo da kayan da suka fi yawan hannayensu. Mu ma a Ƙungiyar 'Yan Jarida mun yi wannan tambayar, kuma amsarta ita ce kayan kiɗa ba su da tabbas.

Mu fara da kalangu. Fatar bakinsa siririya ce ƙwarai, shi ya sa yake da zaƙin murya, shi ya sa kuma yake saurin fashewa. Da damina laima kan sa fatar ta saki, sautin ya dushe. Da hunturu kuwa sai ta bushe, bugu ɗaya mai ƙarfi ya tsaga ta. Ga tsarkiyoyin da ake matsewa a hammata, su ma sukan tsinke. Ɗaure sabuwar fata aiki ne na natsuwa, ba a yin sa a tsakiyar fili mutane na jira. Saboda haka kalangu na biyu yana rataye a kusa.

Mai kukuma ko goge ya fi shiga hatsari, domin tsarkiyarsa ta izgar doki ce, kuma guda ɗaya ce tak. Haka kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, tsarkiya ɗaya gare shi. Idan ta tsinke, kiɗa ya tsaya ke nan. Don haka mai hankali ba ya rabuwa da wata a aljihu, tare da ƙaron da yake goga wa izgar.

Mawaƙan zamani masu fiyano ma ba su tsira ba. Nasu ciwon kan shi ne wuta. Sukan tanadi janareta da isasshen fetur, da batiran makirufo, da wayoyin haɗi na ko-ta-kwana. Sau da yawa waya ƙarama ce ke kashe babbar lasifika.

Abin da makaɗi ke karewa shi ne sunansa. Ya karɓi kuɗin mutane, ranar biki kuma ba ta dawowa. In ya ba da kunya sau ɗaya, labari zai riga shi zuwa gari na gaba.

Wannan ya shafe mu. Mun tuna bikin ba da kyaututtuka na bara, lokacin da batirin makirufo ya mutu ana tsakiyar waƙar maraba, ɗalibai suka yi cirko-cirko a gaban iyaye har aka aika kasuwa. Bana muna roƙon masu wasan kwaikwayo da 'yan fareti su gwada kayansu tun ana jibi, su ajiye na biyu a hannun mutum ɗaya da kowa ya sani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.