Tsiron Fata a Jikin Kare: Me Ya Kamata a Yi a Gida?

Idan kare ya fara manyanta, ba wuya mai shi ya ga wani ɗan tsiro mai laushi yana reto a ƙirjinsa, ko a hammata, ko a wuya. Girmansa bai cika wuce ƙwayar wake ba, kuma sau da yawa wani siririn gindi ne ya riƙe shi. Mutane da dama da sun gan shi sai su nemi reza ko zare, kuma daga nan ɓarna take farawa.

Wannan tsiro fata ce ta yi ƙari, ta lulluɓe ɗan nama mai ƙananan jijiyoyin jini. Ba ya yaɗuwa, ba ya kama mutum ko wani kare, ba ya ciwo muddin ba a fama shi ba. Ya fi fitowa ga manyan karnuka da suka kwana biyu, musamman inda fata take shan guga, kamar a ƙirjin karen gadi mai kwana a kan siminti, ko a wuyan karen farauta da igiya ta daɗe a kai.

Abin tsoron shi ne, akwai abubuwan da suke kama da shi. Kaska idan ta ƙoshi da jini takan ruɗi mutum, amma in ka buɗa gashin a wuri mai haske za ka ga ƙafafunta a gindi. Akwai kan nono, wanda namijin kare ma yana da shi, yawanci 8 zuwa 10 a jere bibbiyu. Akwai tsutsar wani ƙuda mai yin ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tana sa kumburi mai ɗan rami a tsakiya. Mafi muni shi ne ciwon daji, wanda yakan fara da ƙaramin ƙululu. A cikin karnukan da suke yawo sakaka a garuruwanmu har akwai nau'in da suke ɗauka wajen barbara, yana tsirowa a al'aura yana ɗigar jini. Ido kaɗai ba ya rarrabe waɗannan duka.

Shi ya sa yanka a gida ganganci ne. Jini zai zuba, ƙwayoyin cuta su shiga, kuma karen da ya ji zafi yana iya cizon ko da mai ba shi abinci. Ɗaurin zare kuwa ruɓar da nama yake yi, dabbar ta yi kwanaki cikin azaba. Kalanzir da baƙin mai, in an shafa, ƙona fata suke yi, kuma in karen ya lasa sun zama guba. Haka farasitamol da ibufurofen na mutane suna iya lalata masa hanta, ƙoda ko ciki. Garin neman gira sai a rasa ido.

Aikin mai kare shi ne sa ido. Ka ɗauki hoton tsiron da wayarka, da tsinken ashana a gefensa don auna girma, ka maimaita duk wata. Ka sassauta igiyar wuya har yatsu biyu su shiga ƙarƙashinta. Ka shimfiɗa masa buhu ko tsohon bargo. Idan tsiron ya fashe, ka danne da tsumma mai tsabta na minti 5, sannan ka wanke da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce. Kada ka bari ya yi ta lasar wurin.

Amma da zarar ya fara girma da sauri, ko ya canza launi, ko ya yi tauri, ko yana jini, ruwa ko wari, ko ya fito a fatar ido, to a kai shi wurin likitan dabbobi. Likita yakan zuƙi ɗan abin da ke ciki da allura ya duba a madubin bincike. In cirewa ce, zai yi allurar kashe zafi ya yanke, ko ya ƙona da lantarki, ko ya daskarar da shi da ruwan nitirojin mai tsananin sanyi. Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, da ta Maiduguri duk suna da asibitocin koyar da likitancin dabbobi, baya ga asibitocin jihohi.

Karen da yake kwana a farke don iyalinka su yi barci, ko yake shiga ƙaya don ya fito maka da nama, yana da haƙƙi a kanka. Tsiron da bai dame shi ba, ka ƙyale masa abinsa. Wanda ya canza kuwa, ka kai shi ga masu ilimin abin tun da wuri.